Kwaɗo da Jan Zare a Ƙarƙashin Katifar Nu'uman

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau ku yafe mini doguwar gaisuwa. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawan magana. Ko a gida in ana hira, ni ce mai zama gefe ina tsinke zogale ina sauraro. Amma abin da Nu'uman ya yi mini, in na haɗiye shi kwantar da ni zai yi.

Ga wadda ta shigo yau, sunana Rashida, a Ƙofar Guga nake, gidan Malam Sule mai gyaran keken ɗinki. A ƙauye na tashi wajen kakata, ban shiga boko ba sai da ta rasu aka dawo da ni birni ina budurwa sosai. Ajin manya na yamma na shiga, benci ɗaya da masu jikoki. Littafin farko da na karanta daga bango zuwa bango ba wanda ya riƙe mini yatsa, labarin ƙirƙira ne na matasa, irin wanda ake gina wata duniya can daban da biranenta da dodanninta. Ranar da na rufe shi sai da na shiga bayi na yi kuka, ban san dalili ba.

Daga nan sana'ata ta samo asali. Akwatin Sirri nake haɗawa, ko da yake kwali ne. Duk wata nakan zaɓi littafi ɗaya, in haɗa shi da 'yan kayayyaki irin waɗanda ke cikin labarin, in liƙe. Mai saye ba ta san abin da ke ciki ba sai ta buɗe, daɗin ke nan. 'Yan matan sakandare ne yawancin masu sayen nawa, kuma duk Asabar sukan taru a tsakar gidanmu mu yi karatu.

Na watan jiya shi ne Birnin Gishiri, littafi na biyu. Labarin Zulai ne, yarinyar da ke gadin ƙofar wani birni a ƙarƙashin yashi, inda aka kulle Sarkin Iska da ɗan kwaɗo aka naɗe shi da jan zare. A birnin nan da sunan uwa ake kiran kowa, saboda ubanni sun bi ayari ba su dawo ba. Don haka a kowane akwati na sa ɗan kwaɗo naɗe da jan zare, da ɗan ƙahon tunkiya cike da farin yashi irin wanda Zulai ke ratayawa, da 'yar jakar fata da wani baduku ya ɗinka mini, a ciki da taswirar birnin da rubutun mutanen can. A bayan fatar kuma na rubuta wa kowa sunanta da na mahaifiyarta.

Na san wasunku sun riga sun dafe kai. Ni wallahi ban kawo komai a raina ba. Littafi kawai nake gani.

Shi kuwa Nu'uman, ta akwatin nan muka haɗu. Ma'aikacin gwamnati ne, gidansu na GRA, ɗan Hajiya Sa'adiyya. Babu mai son littattafan nan kamarsa, har ya fi 'yan matan zumuɗi, amma a ɓoye. In zai karɓi nasa sai na saka masa a baƙar leda, ya waiga hagu ya waiga dama, ya jefa a but ɗin motarsa. Ya roƙe ni kar kowa ya sani, na ce to. Lokacin abin dariya yake ba ni, har burge ni yake yi, babban mutum da shadda da agogo yana tambayata ko Zulai za ta tsira. An sa mana rana bayan babbar Sallah.

Ranar da abin ya faru, hantsi ya ɗaga, ina bisa tabarma ina liƙe kwalaye, Inna na bakin murhu tana tace gasara. Sai ga Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifin Nu'uman, ta faɗo da rabin sallama. Leshi ne a jikinta ruwan goro, mayafi ya zame har kafaɗa, ta sa safar hannu ta roba irin ta asibiti, ta riƙo wata leda can nesa da jikinta kamar mushen ɓera.

Na miƙe na durƙusa. "Gwaggo sannu da zuwa, ina kwa..."

"Riƙe gaisuwarki. Ina uwarki? Ke Rabi, taso ki ga tarbiyya!"

Inna ta taso hannu duk gasara. "Lafiya Hajiya Ladi? Bismillah, ga tabarma."

"Ban zo zama ba."

Ta zazzage ledar a ƙasa. Kwaɗo ya faɗo, ƙaho ya gangara har bakin rijiya, jakar fata ta kife a gabana.

"Masu fenti suna gyara ɓangaren yaro saboda biki, suka ɗaga katifa, ga abin da suka ishe. Ɗauki fatar nan ki karanta mi aka rubuta, tunda an ce yanzu kin iya karatu."

Tunda an ce yanzu kin iya karatu. Ku riƙe wannan, don ni na riƙe ta.

Na ɗauka. "Nu'uman ɗan Sa'adiyya."

"Rubutun wa?"

"Nawa ne."

"Alhamdu lillahi, ba ta musa ba! To wa ke neman sunan mutum da na uwarshi in ba boka ba? An kulle mashi baki da kwaɗo, an ɗebi sawunshi an ɗura a ƙaho, ga laya da rubutun da ba Larabci ba ba boko ba. Dama mun yi mamaki! Duk 'yan matan garin nan masu digiri, yaro ya rufe ido ya ce sai Ƙofar Guga."

"Gwaggo, kayan littafi ne. Kowa da ya sayi akwatin ya samu irinsu. Ga sauran nan ma a ɗaki."

"Inna lillahi! Ashe ba shi kaɗai ba ne, sana'a ce!"

Kawunan maƙwabta sun riga sun jeru bisa katanga, yara sun cika soro. Na tattara abin da ya rage mini na murya na ce, "Shi Nu'uman me ya ce?"

"Mi zai ce, yaron da aka ɗaure? Ya ce bai san yadda aka yi suka shiga ɗakinshi ba."

Ban ƙara jin sauran maganarta ba. Na dai ga ta cire safar ta yar a kan kayan, ta fita, ta tsaya a ƙofar gida inda mai shago da masu kurkura, keken hayar nan mai ƙafa uku, ke zama, ta maimaita komai da ƙarfi, har da ƙari.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya.

"Nu'uman, Gwaggo ta zo. Da gaske ka ce ba ka san kayan ba?"

Alamar ya karanta ta yi shuɗi.

"Ka yi magana don Allah."

Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya goge. Can sai ga shi: "Ki kwantar da hankalinki. Zan zo. Kar ki kira, ina tare da Hajiya."

Kafin azahar hoton kayan ya zaga gari. Wani ya ɗauka ya rubuta a ƙasa, "Iyaye a yi hattara da masu raba wa yara akwati." Saƙonni suka fara shigowa kamar ruwa. "Malama Rashida ki cire 'yata daga zauren karatunki." "Allah ya isa, ashe shi ya sa kika tambayi sunana." Wata ta turo mini bidiyon akwatin 'yarta yana ci da wuta a bayan gida, da littafin a ciki, ana jin yarinyar tana kuka. Na kalle shi sau ɗaya na kife wayar. Asabar ta zo na shimfiɗa tabarmi kamar kullum, na dafa zoɓo, ba wadda ta leƙo. Da na je injin niƙa, matar da ke gabana ta janye robarta daga kusa da tawa tana motsa baki.

Wai ni. Ni da ko maganin farin jini da ƙawaye ke sha ban taɓa kai wa bakina ba.

Baba yana ƙauye wajen girbi, don haka ni da Inna ne. Ita kuwa ta tasa ni gaba, safe da yamma.

"Ki tahi ki durƙusa ma uwarshi. Ki ce kuskure ne, ƙuruciya ce, ba ki ƙarawa."

"Inna, in na ba da haƙuri ai na amsa ke nan."

"To ki amsa mana! Amsawa kisa ce?"

"Inna, da hannunki fa kika taya ni naɗe zaren nan. Ke kika ce ja ya fi kyau a kan baƙi."

Ta gyara ɗaurin zanenta. "Na sani. Ni na san ba ki yi komai ba. Amma gari bai sani ba, kuma gari ba zama zai yi ya karanta littahinki ba. Sa'o'inki suna da 'ya'ya uku uku, Rashida. Kin yi lattin makaranta, kar ki yi lattin ɗaki. In aka ɗaura auren nan bakin kowa zai mutu."

"In ba a ɗaura ba fa? In zauna da sunan matsafiya, ga shi na amsa da bakina?"

"Kul! Kar in ƙara jin wannan kalmar a gidan nan."

Ta juya tana share ido da gefen ɗankwali. Ban ji haushinta ba. Tsoro ne ke cinta, na sani. Haushina duk yana wuri ɗaya.

Sai bayan la'asar ta wata Laraba ya zo. Bai kawo mota ƙofar gida ba, can bakin titi ya ajiye ta ya tako. Farar shadda, hula ta zauna daidai, amma tun daga nesa na jiyo warin tazargade a jikinsa, goshinsa na ƙyalli da man zaitun. Ashe ruƙiyya ake ta yi masa, safe da yamma, yana zaune yana karɓa.

Na sa dogon hijabina mai ruwan toka na same shi a soro. Ban kai masa ruwa ba.

"Ranki ya daɗe, irin wannan ɗaure fuska?"

Na dube shi kawai.

"Rashida, ki fahimce ni. Abin ne ya zo mini ba shiri. Na dawo daga ofis na tarar da falo cike, Hajiya na kuka, yayyena duk an kira su, ga kaya a faranti a tsakiya. Aka ce na san wannan? Bakina ne kawai ya ce a'a."

"To yanzu bakin naka ya ce e mana."

"Ke ba ki san gidanmu ba. Yaya Nasiru kaɗai ya ishe ni. Har in mutu ba zai daina ba, a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa. A ce ni, da girmana da muƙamina, ina sayen littafin 'yan mata ina ɓoye ƙaho a ƙarƙashin katifa? Wallahi har ofis sai ta kai."

"Gara a ce ni na yi maka asiri."

"Ba haka nake nufi ba. Ke mace ce, abin zai wuce. Hajiya tana da sauƙi, ta ce in kin zo kin tuba kin bar sana'ar, magana ta mutu. Ni kuma in mun yi aure duk littafin da kike so zan saya miki, mu karanta abinmu mu biyu, ba mai ji ba mai gani."

Ya murmusa, wai shi ya kawo mafita.

"Kin ga ni ma fa wahalar nake sha. Jiya hayaƙin nan har sai da na yi amai."

Jama'a, kun ji? Shi ma wahala yake sha. Ina tsaye ina kallon bakinsa yana motsi, bakin da ya iya karanto mini shafi guda da ka, ya kasa furta kalma uku, ni na saya. Ban yi masa ihu ba, ban iya ba. Sauraro na iya, kuma na saurare shi har ya gama.

Na ce, "Zan zo gobe."

"Allah ya yi miki albarka! Na san ke mai hankali ce."

Washegari Inna ta fito da atamfarta ta zuwa biki, ni na sa baƙar abaya ba kwalliya, ko hoda ban shafa ba. Muka tari kurkura zuwa GRA. A hanya Inna na ta koya mini abin da zan ce, ni kuwa ina bin tsofaffin hirarrakinmu da shi a waya, ina neman ko akwai inda na yi masa laifin da ya cancanci wannan. Sai na ci karo da wani saƙon murya da ya turo mini washegarin ranar da ya gama littafi na ɗaya. Na kara a kunne na saurara. Na ajiye yatsana a kansa.

Na yi masa alkawarin ba wanda zai sani. Wannan nake ta juyawa har muka isa. Na ce a raina, zan ba shi dama ɗaya a gaban mahaifiyarsa. In ya faɗa da bakinsa, ba mai jin saƙon nan har abada.

Falon Hajiya sanyi kamar randa, labule har ƙasa, ƙamshin turaren wuta. Tana zaune da farin gilashi da carbi, ta rame, idanunta sun faɗa. Gwaggo Ladi na gefenta ta harɗe ƙafa. Nu'uman na ƙasa bisa kafet, kai a sunkuye kamar na Allah.

Muka durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, lafiya, gajiya, iyali, zafi. Hajiya ta amsa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Rashida, na so ki. Tun ranar da aka kawo ki gaishe ni na ce yarinyar nan tana da natsuwa. Me ya kai ki? Abin da Allah ya riga ya ba ki, me ya sa za ki nema ta wata hanya?"

Muryarta ta karye. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Inna ta zungure ni. Na ce, "Hajiya, kafin in ce komai ina roƙon alfarma ɗaya. A tambayi Nu'uman a gabana, wa ya ba ni sunanki na yanka. Ni Hajiya kawai na san ana ce miki."

Hajiya ta juya. "Kai, ka ji."

Ya ɗago ya dube ni. Na dube shi. Na roƙe shi da ido, Allah ne shaidata, na roƙe shi.

Ya ce, "Hajiya, a bar tone-tone. Tunda ta zo ba da haƙuri, ki yafe mata don Allah. Ni na yafe."

Ya yafe.

Ban san lokacin da na ciro wayar ba. Na ƙure ƙara na ajiye ta bisa teburin gilashi. Muryarsa ta cika falon, tar, cike da murna kamar yaro ranar Sallah.

"Rashida! Ke Rashida! Wallahi na gama shi, kuma ban yafe wa marubuciyar nan ba, ya za a yi ta tsaya a nan? Kin ga wurin da Zulai ta rufe ƙofa ta bar ƙaninta a waje? Sai da na yi hawaye, kar ki gaya wa kowa. Yauwa, kin ce a akwati na biyu za a sa sunan uwa ko? Ki rubuta mini Nu'uman ɗan Sa'adiyya, sunan Hajiyarmu ke nan. Kuma ki zaɓar mini kwaɗon da ya fi kyau, ni ne babban kwastoma. Ji nan, ji yadda Sarkin Iska zai yi magana..."

Sai ya shaƙe murya ya yi ƙasa da ita, yana gurnani: "Buɗe mini ƙofa, 'yar Tasalla! Ni ne mai tafiya da tuddan yashi!"

Gwaggo ta zabura har carbin Hajiya ya faɗi. "A'uzu billahi! Kun ji aljanin da bakinshi! Ashe har naɗar shi ta yi!"

"Zauna, Ladi."

"Yaya, ba ki ji..."

"Na ce ki zauna. Wannan ba aljani ba ne. Muryar dodo ce da yake yi tun yana firamare, in ya lulluɓa da zanen gado yana tsorata 'yan aiki. Ni na haife shi."

Hajiya ta cire gilashinta ta goge a hankali ta mayar.

"Nu'uman."

"Na'am, Hajiya."

"Ina azumi ina tsayuwa ina kuka a kanka, kana kallona? Malamin ruƙiyya na zuwa yana ɓata lokacinsa, kana zaune kana shaƙar hayaƙi kana lumshe ido? Ina littattafan?"

"Suna... suna but."

"Ɗauko."

Ya fita kamar an zare masa laka, ya dawo rungume da su, sun kai har haɓarsa. Hajiya ta ɗauki na sama, ga hoton kwaɗo da jan zare a bango, ƙato, ko makaho ya shafa zai gane. Ta buɗe tsakiya, duk ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuraren da suka yi masa daɗi. Ta rufe.

"Rashida, mun zalunce ki. Ki yafe mana."

Inna ta yi caraf. "Haba Hajiya, ba komai wallahi, ai ɗiyarki ce, ya wuce..."

Na ce, "Hajiya, na gode. Amma ba a falon nan aka ɓata ni ba."

Inna ta kai mini mintsini a cinya, wanda har yanzu shaidarsa na nan. Ban motsa ba.

"A ƙofar gidanmu aka faɗa, a gaban mai shago da masu kurkura da yaran unguwa. 'Yan matan da nake karatu da su an hana su zuwa. An ƙona littafi saboda ni. In an yafe a nan, can ban san wa zai gaya musu ba."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Kai, yarinyar nan da ido a tsaye take!"

Hajiya ba ta ko kalle ta ba. Ta miƙe ta ja mayafinta daga hannun kujera. "Ladi, tashi. Inda kika zubar can za ki kwashe. Kai kuma ɗauko makulli, kai za ka tuƙa mu. Littattafan ma a taho da su."

Wannan karon har ƙofar gidanmu ya kai motar, don Hajiya ta ce ya ci gaba. Kafin mu fito an taru, dama unguwarmu ba ta buƙatar gayyata.

Gwaggo ta tsaya tana wasa da bakin mayafi. "To, jama'a, dama maganar da aka yi rannan, an samu ɗan rashin fahimta..."

Ko mai shago da ke kusa da ita sai da ya miƙo wuya. Wai matar da rannan ake jin ta har bakin titi.

Hajiya ta matsar da ita gefe. Ta ɗaga littafin sama, ta yi magana da muryar da ban san tana da ita ba. Ta ce ita ce uwar yaron. Ta ce kayan da aka gani kayan wasa ne na wannan littafin, ga hotonsu a bango kowa ya duba. Ta ce yarinyar nan ba ta yi wa kowa asiri ba, gidansu ne ya yi mata ƙazafi, kuma duk wanda ya tura hoton nan ya ji tsoron Allah ya tura wannan ma. Na ga wayoyi sun ɗaga sama. Na ga wata daga cikin 'yan matana a bayan ƙofarsu tana leƙe tana dariya da hawaye. Inna kuwa kuka take yi sosai, tana ta godiya.

Wani abu da ya danne mini ƙirji ya ɗan ɗaga. Ban ce duka ba.

Hajiya ta juyo ta kama hannun Inna. "Maganar biki kuma tana nan yadda take, in kun amince."

"Tana nan! Wallahi tana nan!"

Na ce, "Hajiya, ke kin wanke ni. Gwaggo ma ta gwada. Shi ne har yanzu ban ji bakinsa ba."

Duk aka juya. Yana jingine da mota rungume da littattafansa, zufa ta jiƙa wuyan shaddar. Ya dubi mai shago. Ya dubi samarin da ke zaune bisa kurkura suna danne dariya. Ya dubi wayoyin da ke kallonsa. Na ce a raina, faɗi, Nu'uman. Kalma uku ce. Ka faɗa in manta da komai, wallahi zan iya.

Ya gyara murya.

"E to, gaskiya ne ni na saya. Amma dama... ƙanwata nake saya wa."

Hajiya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Wace ƙanwar? Kai ne autana."

Dariyar da ta fashe a layin nan, na tabbata an ji ta a Ƙofar 'Yandaka. Ni ban yi ba. Na durƙusa na yi wa Hajiya sallama yadda ya kamata, na shige gida na bar su a tsaye.

Tun ranar Inna ba ta yi mini magana sai da dalili, tuwo ma turo mini shi take yi da ƙafar kujera. An aika wa Baba, ya ce kar wanda ya ƙara cewa uffan sai ya iso, kuma daga bakina yake son ji, e ko a'a. Inna ta ce in na ce a'a in nemi wata uwar.

Ɗazu da yamma ina shimfiɗa tabarmi, don uku daga cikin 'yan matana sun dawo, sai waya ta yi ƙara. Sunansa. Na ce to, ga ban haƙurin ya zo, ko a waya ne ya fi babu. Na goge hannuna a zane na buɗe.

"Rashida, na san ranki a ɓace yake. Amma don Allah ko me za ki yanke, kar ki cire ni daga masu karɓar akwatin littafi na uku. Ki ba mai shago ya ajiye mini, a baƙar leda."